Fatoman Hawa na Uku

Attahiru na Lahodu ya taɓa raka wani kawunsa filin jirgin sama na Abuja, ya wuni a zauren jira, ya dawo. Wannan wunin shi ne jarinsa a duniya. Tun daga lokacin ba a sake yin zancen birni a rumfar masu albasa ta kasuwar Wurno ba tare da ya gyara wa mai magana zancensa ba. Ya san yadda ake gaida minista. Ya san dalilin da ya sa masu kuɗi ba sa gumi. Mutane ba su ƙi shi ba, don mutum ne mai sakin hannu, kuma zaman rumfa ba ya daɗi idan babu wanda za a sa gaba.

A shekarar da muke magana albasa ta yi kyau tun daga Wurno har Goronyo, sai ga labari daga Sakkwato cewa Alhaji Mode zai ajiye fatomanci. Shi Alhaji Mode tun iyayen waɗannan manoma suna samari yake fatomansu. A gidansa na bayan kasuwar albasa suke sauka, shi ke ajiye musu kaya, shi ke ciyar da su, shi ke nemo mai saye, a ba shi la'adarsa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ya ce a nemi wani. Ƙungiyar manoman ta ɗora wa shugabanta, Malam Bashir na Rabah, ya duba wanda ya dace. Wanda duk ya samu, ya samu abincinsa har tsufa, ga suna a garuruwa uku.

Ranar kasuwa ana cikin tattauna maganar, Attahiru ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Jama'a, ku bar wahal da kanku. An samu."

"An samu wa?" in ji Abdulƙadiri, wani masunci daga Goronyo. Taubashin Attahiru ne, don haka yana da lasisin faɗa masa abin da ya ga dama.

"Ga ni tsaye kana tambaya?"

"Kai da ko akurkin kaji ba ka da shi Sakkwato?"

"Akurki kuka so, shi ya sa ba ku ci gaba. Zamani ya wuce tabarma da sauro, taubashi. Ni inda za ni sauke ku, ko gwamna in yaz zaka sai ya tuɓe takalmi."

Aka yi dariya, ban da Malam Bashir, wanda ba ya ɓarnar magana ko dariya. Ya dubi Attahiru ya ce, "To. Jumu'a ta sama, in an sauko masallaci, ni da Alhaji Mode muna zuwa mu gani da idonmu."

Washegari matarsa Mas'uda ta leƙa rumfar tsakar gida ta ga wayam.

"Baban Rumaisa, ina injin ban-ruwa?"

"Na maishe shi jari."

"Baɗi da mi za mu shayar da albasa? Da labarin Abuja?"

"Baɗi wasu ka noma. Mu muna bisa bene muna kallon motoci."

Mas'uda ta ci gaba da tankaɗenta. "Allah shi sa benen na da matakalar saukowa."

Gidan da zai kama haya a waya ya gan shi. Gidan Zaitun ake ce masa, wani dogon bene a unguwar manya ta Sakkwato, inda itatuwan dogon yaro suka rufe titi, kuma za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum zaune a ƙofar gida ba. Ana ba da fulat haya na sati ko na wata, da komai nasa a ciki, mutum ya shigo da jakarsa kawai. Mai kula da gidan, Hajiya Mahbuba, mace ce mai sanyin murya wadda ba ta maimaita magana. Ta hau da shi hawa na uku ta nuna masa: fararen kujerun kushin, talabijin mai faɗin ƙofar shago, firji, esi a kowane ɗaki, madubi a falo tun daga ƙasa har rufi, da farin bahon wanka wanda babban mutum zai miƙe ƙafa a ciki.

Attahiru ya yi ta gyaɗa kai kamar wanda ya saba. Ya ƙwanƙwasa firjin da yatsa ya ce, "Ba laihi. Na Abuja ya ɗan hi shi."

"Dokokinmu kaɗan ne, Malam Attahiru," in ji Hajiya. "Mutum huɗu ne iyaka. Ba a kawo dabba, ba a taro. Maƙwabta masu son shiru ne. A ƙasanka likita ce, aikin dare take yi, da rana take barci. Ku nawa ne?"

"Ni ɗai na, Hajiya. Sai ɗan baƙo in Allah ya kawo."

A ganinsa bai yi ƙarya ba. A Lahodu ba a sa baƙo cikin lissafin mutanen gida, kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa jin gidan da aka ce ya cika ba.

Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa a matakala ba ya ɗaga waya, ya zagaya falon yana ɗauka, ya tura zauren WhatsApp na ƙungiya.

"Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, ga gidanku. Ƙohwa buɗe take. Mai kaya shi kawo kaya, mai mara lahiya shi kawo mara lahiya. Duk abin da idonku yag gani nan na Attahiru na, na Attahiru ko naku na."

Mutanen gabas ba sa raina gayyata. Da hantsi wata motar albasa ta tsaya a bakin get, ta tare rabin titi. Mai gadi, Lukman, ya fito yana gyara hula.

"Ranka shi daɗe, mi na na wanga?"

"Cehwane na," in ji Attahiru.

"Cehwane cikin gingimari?"

"Gidanmu akwai son miya."

Lukman ya kira Hajiya, wayarta a kashe, ta tafi biki Birnin Kebbi. Kafin ya yanke shawarar abin da zai yi, buhu na farko ya kai hawa na biyu a kan wani ƙato daga Tursa. Fatoma ba ya barin kayan baƙo a waje, wannan kowa ya sani. Aka jingine gadon babban ɗaki da bango, aka jera buhuna har suka kusa taɓa fanka.

Masu kayan suka nufi tagogi za su buɗe, kamar yadda kowa ke yi wa albasa. Attahiru ya tare su.

"Kai, ƙauyanci dai! Iskar waje ta talaka ta. Ku tsaya ku ga."

Ya rufe tagogin ruf, ya danna esi har ƙarshe. Sanyi ya bugo. Manoman suka dubi juna. Rana a waje tana neman narka kwalta, ga su nan suna jan wuyan riga.

"Haka Turawa ka aje tasu," in ji shi. "Shekara tana yi ba ta san an cire ta ba."

Ya kulle ɗakin ya jefa makullin a aljihu, don a ga amana. Abin da bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba, shi ne idan an ɗauke wuta janareton gidan fitila da fanka kawai yake ja. A bazarar nan kuwa wuta leƙowa take yi ta gaisa ta koma.

Bayan albasa sai ga Abdulƙadiri da jarkoki masu yankakken baki, cike da tarwaɗa masu rai, don a birni mai rai ta fi daraja.

"Taubashi, ina ruwa? Sun gaji."

Attahiru ya kai shi banɗaki ya nuna masa bahon. Abdulƙadiri ya riƙe baki.

"Kai! Har tabki anka yi maka cikin ɗaki?"

"Na ce su sa babba, sunka ce wanga ɗai ya rage."

Aka juye kifi a baho. Daga ranar wanka ya koma baranda da bokiti, kuma motocin da ke ajiye a ƙasa suka fara samun rabonsu na ruwan sabulu.

Jama'a suka ci gaba da zuwa. Mai shari'a a kotu, mai neman fasfo, mai rakiyar mai neman fasfo, da wani da ya zo don kawai a ce ya zo. Takalma suka cika ƙofa suka gangara matakala. Ana kwana a falo, a ƙarƙashin teburin cin abinci, a lungun firji inda ake rububi saboda sanyin tayil. Ba wanda ya zauna a kan fararen kujerun, an ga sun fi ƙarfin zama, sai aka mai da su wurin shanya.

Sai kuma Inna Ma'u ta Tursa, gwaggon Malam Bashir, wadda ta zo ganin likitan ido. Ta zo da ƙullin daddawa, da gero, da ɗan turminta, domin ba ta shan furar inji, ta ce warin ƙarfe take yi. Attahiru ya ga turmin, ya tuna likitar da ke ƙasa, ya kuma tuna ko gwaggon wa ce. Ya karɓi turmin da hannu biyu ya kai mata tsakiyar falo.

Da azahar aka fara daka. Ba a jima ba aka yi sallama a ƙofa. Dakta Mashkura ce, idanunta jawur, mayafinta a karkace.

"Don Allah wa ke daka a kaina? Fitilar ɗakina rawa take yi."

"Likita, barka da rana," in ji Attahiru yana tare ƙofa da jikinsa. "Wani ɗan gyara na muka..."

"Wa ta?" in ji Inna daga ciki.

"Likita ta, Inna."

"Alhamdulillahi! Attahiru, ashe gaskiya kah hwaɗi, har gida likita ka zuwa. Shigo ɗiyata, dubi idon ga, hazo nika gani."

"Inna, ni likitar haihuwa ce."

"Ido da haihuwa duk jiki guda na. Zamna. Ɗiyar wa ta ke?"

Dakta ta faɗi sunan mahaifinta don a rabu lafiya. Ba a rabu ba. Inna ta san kakarta, 'yar Rabah ce, tare suka yi tallan ƙuli, kuma marigayiyar ba ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa tana yi wa manya magana ba. Dakta ta tsinci kanta durƙushe a kan kafet tana ɗaga fatar idon tsohuwa. Aka dama mata fura ta sha. Ta fito da ƙullin daddawa a hannu, sai da ta kai matakala ta tuna abin da ya hawo da ita. Ta juyo ta yafuto Attahiru.

"Malam, na samu Hajiya a waya. Ranar Juma'a za ta dawo."

"Madalla, Allah shi kawo ta lahiya," in ji shi da ƙarfi. Ya koma ciki ya baza hannu. "Kun gani? Gidan Alhaji Mode akwai likita?"

Akwai kuma maganar sallama. Fatoma na ƙwarai ba ya barin baƙo ya koma gida hannu sake. Wani dattijo daga Rabah da zai tafi ya tsaya gaban agogon bango ya ce, "Kai, agogon ga ya yi." Idan aka yabi kayan mai kyauta a gaban jama'a, amsa ɗaya ce ta rage masa. Attahiru ya ce, "Ɗauka, Baba."

Daga nan baƙin suka gano ashe su ma sun san abu mai kyau. Aka yabi butar lantarki. Aka yabi matasan kujera. Aka yabi labulen falo, da ƙugiyoyinsa. Wani mutumin Goronyo ya daɗe yana juya rimot a hannu yana cewa bai taɓa ganin mai laushinsa ba.

"Kai ko talabijin ba ka da shi," in ji Abdulƙadiri.

"In Allah ya hore, ba sai na nemi wanga ba."

"Ɗauka," in ji Attahiru. Ya lallashi kansa da cewa idan fatomanci ya zo hannu zai sayo sababbi a mayar, babu wanda zai sani.

Ranar Juma'a ya tashi da wani wari da ba na kifi ba, ba na daddawa ba, ba kuma na takalma ba. Daga ƙarƙashin ƙofar babban ɗaki yake fitowa. Ya tsaya ya saurara da hancinsa, ya taɓa makullin a aljihu, sai ya ga ba yau ce ranar bincike ba. Ya aika aka sayo turaren wuta aka banka a kowace kusurwa. Ya sa aka share falo, aka tura kayan baƙi bayan kujeru.

"Taubashi, kihin nan na son sabon ruwa," in ji Abdulƙadiri. "Sun hwara hamma."

"Bar mani. Nan ba guga aka ja ba."

Ya murɗa famfon bahon har ƙarshe. Ko ɗigo. Tankin gidan ya ƙafe, abin da bai taɓa faruwa ba kafin zuwan mutanen gabas. Ana ta kiran a yi sauri kada a rasa sahu, sai ya bar famfon yadda yake, ya zura babbar rigar da ya aro, suka fita. Ƙofar fulat a buɗe, don ƙofar fatoma ba a rufe ta. Inna Ma'u kaɗai aka bari, tana gyangyaɗi a baranda. Suna fita Lukman ya tayar da injin rijiya don ya cika tanki kafin Hajiya ta iso.

Da aka sauko masallaci Attahiru ya shigo get yana gaba, hannun riga a kafaɗa. Bayansa Malam Bashir, sai Alhaji Mode yana dogara sanda, sai jama'a, sai wani ƙaton rago da ƙungiya ta sayo na barka da sabon masauki. A daidai lokacin motar Hajiya Mahbuba ta shigo, ta fito tare da wani mutum da matarsa da suka zo daga Abuja suna son kama fulat ɗin da ke kallon na Attahiru. Aka haɗu a gindin matakala. Hajiya ta dubi jama'ar, ta dubi ragon.

Ruwa ne ke gangarowa daga sama, a hankali, matakala bayan matakala.

"Mi ad da ruwa haka?" in ji Malam Bashir.

"Wanke muna matakala aka yi duk Jumu'a," in ji Attahiru. "Tsarin gidan na."

Sai aka ji wani ɗan ƙara, faɗap, faɗap. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta ɓullo daga kwanar bene, tana sauka da ƙirjinta, gashin bakinta a miƙe kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta faɗo gaban Alhaji Mode ta tsaya. Tsohon ya sunkuya ya dube ta da kyau.

"Attahiru, wagga ma baƙuwarka ta? Ba ka raka ta ba?"

"Jarina!" Abdulƙadiri ya kurma ihu. "Jama'a ku tare! Ku tare ƙasa!"

Bayan ta farko sai ga sauran, tururu. Manoma suka naɗe rigunan Juma'a suka bi kifi. Wani ya cafko ɗaya ta suɓuce ta shige ƙarƙashin motar wani alƙali da ke hawa na ɗaya. Wani ya cire hula ya kife wata. Matar mutumin Abuja ta koma mota ta danna makulli, mijin kuwa ya tsaya da ƙafa ɗaya yana cewa, "Hajiya, wannan yana cikin kuɗin hayar?" Mai riƙe da rago ya ga kowa na samun lada ban da shi, ya saki igiya ya shiga farauta.

Ragon bai yi shawara da kowa ba. Ya bi matakala a guje, ya tsallake takalma, ya shiga ƙofar da ya samu a buɗe. A falo ya tarar da wani rago daidai girmansa, tsaye a jikin bango, yana harararsa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja. Daga ƙasa aka ji ƙarar, kamar an kifar da tiren tangaran a gidan biki.

Hajiya Mahbuba ta tattare zanenta ta fara hawa, kowa ya bi ta, har Alhaji Mode da sandarsa.

Falon ya zama fadama. Kafet na iyo, turaren wuta ya mutu, rago na tsaye cikin fasassun madubi yana neman inda abokin gabarsa ya shige. Inna Ma'u ta leƙo daga baranda ta ce, "An yi ruwa? Ban ji hadari ba."

Hajiya ta shiga banɗaki ta kashe famfo. Ta fito ta tsaya tsakiyar falo, ta bi fuskokin da suka cika ƙofa da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Attahiru, ɗan baƙon da ka ce, wanne ne a ciki?"

"Hajiya, wato... abin na da bayani."

"Buɗe wancan ɗakin."

"Wanga ɗaki amana ta, Hajiya. Ba a..."

"Buɗe shi," in ji Malam Bashir.

Ya buɗe. Mutanen da aka haifa cikin albasa, suka girma cikinta, suka yi aure da kuɗinta, su ne suka fara ja da baya. Zafin da ya fito kamar na gidan burodi. Buhunan ƙasa sun jiƙe sun yi baƙi, wani ruwa mai kauri ya bi tayil ya shige ƙarƙashin katifa.

"Innalillahi! Attahiru, ka dahe muna albasa!" in ji ɗaya daga masu kayan.

"Ta sama lahiya lau take," in ji Attahiru. "Ku duba ta sama."

"Tawa ƙasa take!"

"Turawan dai sun iya ajiya," in ji Abdulƙadiri, da tarwaɗa a kowane hannu.

Hajiya ta toshe hanci da mayafi ta dubi bango. "Ina agogo? Ina labule? Ina butar shayi?"

Malam Bashir ya juyo. "Hajiya, kayan ba nashi ba na?"

"Ko cokali."

Ba wanda ya ba da umarni. Aka fara jin zuge jakunkuna. Matashin kujera ya fito, sai wani, sai butar lantarki, sai labule a naɗe cikin buhun taki. Aka tara a kan tebur, kowa na ajiyewa yana kallon Attahiru. Mutumin Goronyo ne na ƙarshe, ya zaro rimot daga aljihun gaba ya shafa shi, ya ajiye a hankali kamar mai sallamar ɗa zuwa makaranta. Agogo kuwa ya riga ya kai Rabah, aka ce za a aiko da shi a motar safe.

"Ɗiyata, in gidanku na, ku gyara shi," in ji Inna Ma'u. "Gida awa wanga babu wurin shanya, turmi ba shi zama daidai, maƙwabta ba su shigowa gaisuwa sai da hwaɗa."

"Za a duba, Inna," in ji Hajiya. Ta juya ga Attahiru. "Kafin la'asar ina son makullina. Sai maganar madubi da kafet."

"Madubi dai rago yah hwasa," in ji Malam Bashir. "Shi shi biya. A riƙe shi. Sauran, Attahiru na nan, ba shi gudu, mun san gidansu."

Lukman ya ja ragon, fuskarsa ba ta nuna baƙin ciki ba.

Abin da aka hau da shi da ka, da ka aka sauko da shi. Kafin la'asar titin unguwar manya ya ga abin da bai taɓa gani ba: buhunan albasa jere a gindin dogon yaro, jarkokin kifi, turmi, tabarmi, da mutanen garuruwa uku suna zazzage buhu suna ware mai rai da matacciya. Aka buɗe tagogin benaye ana leƙe. Masu gadin gidaje suka fito da kujerunsu.

Alhaji Mode ya zauna a kan wani buhu yana murza ƙafa. Ya daɗe yana kallon aikin, sannan ya ce, "Bashiru."

"Na'am, Alhaji."

"Ka san wani abu? Tun da nih hau benen ga na sauko, sai na ji gwiwar ta saki. Na hwasa ajewa. A kai mani baƙina gida."

"Mun gode, Alhaji. Allah shi ƙara lahiya."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi fiye da yadda Attahiru ya so. Ya matso yana gyara rigar aro, wadda yanzu ta jiƙe har gwiwa.

"Malam, ni a ganina a ƙara mani sati guda. Kuskuren na injiniya na. In anka samu hawa na ƙasa..."

"Attahiru," in ji Malam Bashir, "kai kac ce kai fatoma na. Albasar ga da munka baza sai ta sha iska, mota ko sai gobe. Fatoma ba shi barin kayan baƙo. Zamna nan."

Aka tsayar da Keke Napep aka fara lodin mutane. Inna Ma'u ta shiga gaba da turminta a cinya, Dakta Mashkura ta leƙo ta taga tana ɗaga mata hannu da fara'ar da ba a gan ta da ita ba duk satin. Abdulƙadiri ya ɗora jarkokinsa, ya waiwayo.

"Taubashi, in gwamna yaz zaka, ka ce shi tuɓe takalmi nesa, wurin da santsi."

Suka tafi. Titi ya koma shirunsa. Attahiru ya zauna a bakin kwalbati, albasa baje a gabansa, yana tsara yadda zai ba da labarin a Lahodu. Ya kai inda zai ce shi ne mutum na farko da ya buɗe reshen kasuwar Wurno a unguwar manya, sai wata baƙar jif ta rage gudu ta tsaya. Gilashi ya sauka, sanyi ya bugo shi. Wata hajiya mai tabarau ta leƙo.

"Mai albasa, nawa kashi?"

Attahiru ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun riga ya aza a kafaɗa.

"Hajiya, a dinga duban mutum kahin a yi mai magana. Ni ba mai albasa ba na. Ni da kika gani, a benen can nike, hawa na uku."

"Au, yi haƙuri, Alhaji."

Gilashin ya fara hawa. Attahiru ya dubi tulin albasar, ya dubi rana da ta karkata, ya tuna masu kayan da fuskar da suka tafi da ita. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa.

"Tsaya, Hajiya. Ta nawa za a zuba?"